Fashin Baƙi Kan Haɗa Faifan Cikin Kwamfuta da Kebul Daga Waje

Wata ɗaliba ta taɓa shigowa shagonmu da hantsi, riƙe da laftof a cikin jaka, idanunta sun yi ja saboda rashin barci. An kawo wuta da ƙarfi cikin dare alhali cajarta na jikin soket, kwamfutar ta ɗauke, kuma babi huɗu na aikin kammala digirinta suna ciki, ba ta da kwafinsu a ko'ina. Ta ce mini, "Malam, don Allah ka duba, ko da kwamfutar ba za ta tashi ba, rubutun kawai nake so." Na ce mata, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki tukuna, bari mu ga abin da ya ƙone." Na kife kwamfutar a kan teburi, na kwance sukuru biyu na murfin ƙasa, na zaro faifan ajiyarta wanda bai wuce tafin hannu ba, na maƙala masa wani ɗan gajeren kebul, na soka ɗaya bakin a kwamfutar shago. Faifan ya yi 'yar ƙara ta juyawa, kuma kafin minti guda foldar da ke ɗauke da sunanta ta bayyana a allo.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwamfuta ba dunƙulallen abu ɗaya ba ce. Babban allon cikinta na iya ƙonewa, gilashinta na iya fashewa, batirinta na iya kumbura, amma faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, ya zauna lafiya lau da duk abin da aka zuba masa. Kebul ɗin da ake haɗa shi da shi daga waje abu ne mai araha, ana samunsa a shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas. Sai dai arhar tasa da sauƙin amfani da shi ne ke sa mutane su ɗauki aikin da wasa, kuma na ga faifai da dama da suka tsira daga mutuwar kwamfuta, suka zo suka mutu a hannun wanda ya zo ceton su. Shi ya sa nake ganin ya kamata a warware wannan batu daki-daki.

Da farko, wannan kebul ba waya ba ce kawai mai ɗaukar wuta daga wuri zuwa wuri. Faifan ciki yana magana da wani yare da ake kira SATA, ita kuma ƙofar da ke gefen kwamfuta tana magana da yaren USB, kuma yarukan biyu ba sa fahimtar juna. A cikin kan kebul ɗin, wurin nan mai faɗi da ake maƙala wa faifai, akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke aikin tafinta a tsakaninsu: tana karɓar umarni daga USB ta mayar da shi yaren faifai, ta karɓi amsa ta mayar. Kamfanoni irin su JMicron da ASMedia ne ke ƙera mafi yawan waɗannan ƙwaƙwalen, kuma ingancin tafintan shi ne ainihin bambancin kebul nagari da na banza, ba kyan roba ko rubutun jikin kwali ba. Hasali ma, faifan waje da ake saya a cikin akwatinsa na roba, sau da yawa faifan ciki ne na yau da kullum da aka haɗa da irin wannan tafinta aka rufe su tare.

Abu na biyu shi ne sanin irin faifan da ke hannunka, domin a nan ne ake fara kuskure tun a kasuwa. Faifai masu juyawa iri biyu ne ta fuskar girma. Akwai ƙarami mai inci 2.5 wanda ake samu a laftof, akwai kuma babba mai inci 3.5 na kwamfutar teburi. Bakinsu na SATA iri ɗaya ne: haƙora 7 na ɗaukar bayanai, da haƙora 15 na wuta, jimilla 22, an raba su gida biyu, kowane gida da ɗan lanƙwasa a gefe yadda ba zai shiga a juye ba. Tun daga 2003 ne SATA ya fara shiga kasuwa, kuma cikin 'yan shekaru ya kori wanda ya gabace shi. Wannan na baya, wato IDE, ya samo asali ne tun 1986, kuma har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin kwamfutocin ofisoshi da makarantu da na masu ɗaukar hoto. Bakinsa layi biyu ne na 'yan filoli masu tsini, guda 40 a babban faifai, 44 a na laftof, domin shi ƙaramin yana karɓar wutarsa ta nan. Kebul ɗin SATA ba zai shiga IDE ba ko kaɗan, sai an nemi adaftar nan mai bakuna uku da ke ɗaukar duka. Mai aiki da IDE ya lura da abu biyu: filolin suna lanƙwashewa da ɗan tilastawa, kuma na laftof yana iya shiga a juye ko a goce da layi ɗaya, wanda hakan kan aika wuta inda bai kamata ba. Akwai kuma wani ɗan maɓallin roba a bayan babban faifan IDE da ke nuna ko shi ne na gaba ko na baya a kan waya ɗaya. Idan adafta ta ƙi ganin faifan, a mayar da maɓallin matsayin na gaba, kamar yadda zanen da ke jikin takardar faifan ya nuna.

Sababbin kwamfutoci kuwa sun koma kan SSD, wanda ba shi da komai mai juyawa a ciki. Mai inci 2.5 yana amfani da kebul ɗin SATA ɗaya da na had-dis. Amma akwai siriri mai kama da tsinken cingam, wanda ake kira M.2, kuma shi ma iri biyu ne duk da kamanninsu ɗaya: wani yana magana da yaren SATA, wani da NVMe. Gidan da aka yi wa ɗaya ba lallai ya karanta ɗayan ba, don haka a karanta takardar jikinsa kafin a sayi gida, ko a nemi wanda aka rubuta cewa yana ɗaukar duka biyun. Akwai kuma kwamfutocin da aka narka ma'ajiyarsu a jikin babban allo, kamar ƙananan laftof masu araha da ke amfani da eMMC da kuma MacBook na shekarun nan; waɗannan babu abin cirewa a cikinsu, kuma wannan bayani bai shafe su ba. Haka nan faifan SAS da ake cirowa daga manyan kwamfutocin kamfanoni, wanda kan shigo cikin kayan gwanjo: yana kama da SATA sosai, amma gidajen haƙoransa biyu a haɗe suke babu rata, kuma kebul na gama-gari ba zai karanta shi ba.

Yanzu sai mu zo kan wuta, wadda a ganina ita ce zuciyar wannan magana, kuma a nan zan fi daɗewa. Ƙaramin faifai na laftof bolt 5 kawai yake buƙata, kuma bolt 5 ɗin ne ƙofar USB ke bayarwa, shi ya sa kebul ɗaya ke wadatar da shi. Babban faifai na inci 3.5 kuwa yana buƙatar bolt 5 don allonsa, da kuma bolt 12 don injin da ke juya farantansa. Ƙofar USB ta yau da kullum ba ta da bolt 12. Saboda haka duk wanda ya maƙala wa babban faifai kebul mara wutar waje, zai ga fitilar kebul ta kama, amma faifan ya yi tsit, sai ya yanke hukuncin cewa faifan ya mutu alhali yunwar wuta ce kawai ke damunsa. Na sha ganin an jefar da faifai mai lafiya a kan wannan kuskure. Babban faifai yana buƙatar adafta mai nata abin sokawa a bango, yawanci mai bolt 12 da amfiya 2, saboda a daƙiƙun farko na tashi injin yana jan wuta fiye da yadda yake ja idan ya daidaita.

Ko ƙaramin faifan ma yana da nasa sharaɗi. Ƙofar USB 2.0, wadda ta fito a 2000, an tsara ta ne ta ba da rabin amfiya, wato miliamfiya 500, ita kuwa USB 3.0 ta 2008 tana ba da 900. Faifan laftof a lokacin tashi yakan nemi abin da ya kai kusan amfiya ɗaya. Idan wutar ta gaza, za ka ji yana yunƙurin juyawa yana kasawa, yana 'yar ƙara kamar tsuwa ko ƙwas-ƙwas, ko kuma ya bayyana a allo ya ɓace yana cikin kwafi. Wannan ne dalilin da ya sa wasu kebul ke zuwa da kawuna biyu, ɗaya na bayanai ɗaya na ƙarin wuta. Shawarata ita ce a nemi ƙofa mai shuɗin harshe, wadda galibi ita ce USB 3.0, a kwamfutar teburi a yi amfani da ƙofofin baya da ke manne da babban allo, ba na gaba ba, kuma a guji 'yan na'urorin nan masu rarraba ƙofa ɗaya zuwa huɗu idan ba su da wutar kansu.

Akwai wani kuskure da ni kaina na taɓa yi a farkon koyon aiki, kuma har yau ina jin zafinsa. Teburin gyara cike yake da cajoji baƙaƙe masu kai zagayayye, kuma kan cajar laftof da yawa yana shiga ramin adaftar faifai daidai wa daida. Na miƙa hannu ban duba ba, na ɗauko cajar laftof mai bolt 19 na soka a wurin da ke son 12. Ban ji wata ƙara ba, sai wani ɗan ƙauri kamar na roba da ya bugi hancina, faifan kuma ya ƙi motsi daga nan. Allah ya taimaka, a allon faifan akwai wani ɗan ƙaramin sashe da aka sa musamman don ya ƙone ya tare wutar da ta wuce kima, shi ne ya karɓi dukan, kuma maigidana ya iya cire shi muka kwashe bayanan. Ba kullum ake samun wannan sa'ar ba. Tun daga ranar na ɗaura wa cajar adaftata jan tef, kuma ba na soka komai sai na karanta adadin bolt ɗin da ke jikinsa.

A ƙasarmu batun wuta bai tsaya nan ba. Babban faifai da ke cin wutar bango zai tsaya cak nan take idan aka ɗauke wuta, ko da laftof ɗin da aka haɗa shi da ita na ci gaba da aiki a kan batiri. Idan hakan ta faru yana tsakiyar rubuta wani abu, tsarin da yake bi wajen sanin inda kowane fayil yake na iya hargitsewa. Don haka duk aikin da zai ɗauki lokaci, a sa adaftar a kan UPS ko inbata, kuma kada a yi shi a lokacin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareto. Ƙaramin faifan da ke cin wutar laftof ya fi aminci ta wannan fuska, matuƙar batirin yana riƙe caji.

Sai kuma yadda ake riƙe shi. Faifan da aka ciro tsirara yake, allonsa mai launin kore a buɗe yake ta ƙasa. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum kan ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi, wannan tartsatsin ya isa ya lalata ƙwaƙwalwar da ke kan allon. A taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki faifan, a riƙe shi ta gefuna, kuma kada a ajiye cikinsa a kan tiren ƙarfe ko kusa da sukuru da suka zube. Teburin katako ko kwali busasshe ya wadatar. Bargo da katifa kuwa ba wurinsa ba ne, domin suna tara zafi da tartsatsi duka, ga shi a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato kan haura digiri 40 tun kafin faifan ya ƙara nasa. Ɗan fanka a gefe yana taimakawa idan kwafin mai tsawo ne. Mafi muhimmanci, kada a motsa shi yana aiki. A ciki, farantan suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar da ke karatu kuma tana shawagi a kansu da ratar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ɗan bugu kaɗan, ko jan kebul da gwiwar hannu har faifan ya faɗo daga teburi, na iya sa allurar ta karce farantin, kuma abin da aka karce ya tafi ke nan. Tsarin da nake bi shi ne: in maƙala kebul a jikin faifan tukuna, in ajiye shi a shimfiɗe, in kunna wutar bango idan babba ne, in saurara ya gama tashi, sannan in soka USB.

Game da sauri, magana kaɗan ta isa. USB 2.0 a aikace ba ta wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa, alhali faifan laftof mai lafiya kan kai kusan 100. Ke nan gigabait 100 da za a kwashe cikin kimanin minti 17 a USB 3.0, zai ci kusan minti 50 a tsohuwar ƙofa, kuma dubban ƙananan hotuna sun fi babban bidiyo ɗaya jinkiri. Wanda zai haɗa SSD ya nemi kebul mai goyon bayan UASP, wato wani tsarin aika bayanai ta USB da ya fi na da sauri, domin da shi ne ake cin moriyar saurinsa.

To, an haɗa, faifai ya tashi. A nan ne haɗari na biyu yake, kuma wannan ba na wuta ba ne, na gaggawar hannu ne. Wani lokaci Windows kan fito da wani ɗan akwati yana cewa sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi. Mutumin da bai sani ba sai ya danna amincewa, yana zaton wani mataki ne na buɗewa, alhali fomat na nufin share teburin da ke nuna inda komai yake. Wannan saƙo ba ya nufin faifan wofi ne. Sau da yawa yana nufin Windows bai gane tsarin da aka rubuta shi da shi ba ne kawai. Windows na amfani da NTFS, kwamfutocin Apple na amfani da APFS tun 2017 da HFS+ kafin nan, Linux kuwa galibi ext4, kuma Windows ba ya karanta waɗannan ukun da kansa. Faifan da aka ciro daga na'urar kyamarorin tsaro ma haka yake, yana da tsarinsa na daban. Maganin shi ne a soke akwatin, a kai faifan kan irin kwamfutar da ya fito, ko a sa manhajar da ke karanta tsarin. Haka hukuncin yake idan aka shiga Disk Management, wato sashen Windows da ke nuna faifan da aka haɗa, aka ga yana neman a ƙaddamar da faifan kamar sabo: sabon faifai da aka sayo ne kaɗai ake yi wa haka, mai ɗauke da kayan mutane a'a.

Wani lokacin kuma matsalar ƙarama ce. Faifan yana nan a Disk Management lafiya, amma bai samu harafi irin su E ko F ba, sai a ba shi da hannu. Ko kuma a ga an rubuta cewa a kashe yake, wanda kan faru idan kwafin faifan da ke cikin kwamfutar ne, shaidarsu ta zo ɗaya. Za a kuma ga ƙananan ɓangarori da ba a san da su ba, na tayar da kwamfuta da na gyaran Windows; a bar su yadda suke, kayan mai shi suna cikin babban ɓangaren, a foldar Users, ƙarƙashin sunansa. Idan Windows ya ce ba ka da izinin shiga foldar, mai matsayin shugaban kwamfutar zai iya amincewa ya shiga, sai dai hakan na sauya izinin fayilolin, kuma yakan ɗauki lokaci. Faifan da ya wuce terabait 2 ma yana iya rikita tsofaffin adaftoci, su nuna girman da ba nasa ba. Idan aka ga haka a canza adafta, kada a taɓa faifan. Amma idan mai terabait 1 ya nuna gigabait 931, wannan ba matsala ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera faifai da Windows.

Akwai ƙofar da kebul ba ya iya buɗewa, ita ce BitLocker. Microsoft na kulle faifai da shi, kuma a sababbin kwamfutoci masu Windows 11, musamman daga fitowar 24H2 ta 2024, sau da yawa kullen kan kama da kansa da zarar mutum ya shiga da asusunsa na Microsoft, ba tare da ya lura ba. Idan aka ciro irin wannan faifai aka haɗa a wata kwamfuta, za a ga hoton kwaɗo a kansa, kuma zai nemi mabuɗi mai lambobi 48. Mabuɗin yawanci yana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a wurin ma'aikatan fasaha idan ta ofis ce. A nan ne al'adarmu ta barin mai shago ya buɗe mana asusu da imel ɗin da ba mu riƙe ba take cutar da mu, domin ba tare da mabuɗin nan ba, babu mai gyaran da zai iya fito da ko fayil ɗaya. Duk mai sabuwar laftof ya kamata ya shiga asusunsa tun kwamfutar na da rai, ya rubuta lambobin a takarda ya adana.

Sannan akwai faifan da shi kansa ne mara lafiya, kuma kunne ne ke fara gane shi. Mai lafiya yakan tashi da sautin juyawa mai santsi, ya yi 'yar ƙaramar ƙara sau ɗaya ko biyu, ya daidaita. Wanda ke maimaita ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere ko da wutarsa ta wadata, ko yake ƙarar gogayya kamar ana niƙa, allurarsa ko farantinsa ne suka samu rauni. A kashe shi nan take, domin kowane ƙarin minti na juyawa ƙarin ɓarna ne. Kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada a bubbuga shi, kuma kada a kwance murfinsa don a leƙa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ratar allurar girma, kuma ana buɗe shi ne kawai a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa. Idan kuwa yana buɗewa amma yana tafiyar hawainiya, manhaja irin CrystalDiskInfo za ta karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiye wa kansa, wanda ake kira SMART, ta nuna yawan gurabun da suka lalace. Wasu kebul masu arha ba sa barin wannan rahoto ya wuce, wanda shi ma dalili ne na sayen nagari. A irin wannan hali a fara da abin da ya fi muhimmanci, takardu da hotunan iyali kafin finafinai, ko kuma a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya da manhaja irin ddrescue, wadda ke tsallake wuraren da suka lalace ta dawo kansu daga baya. Sai a yi aikin ceto a kan kwafin da manhajar dawo da fayiloli irin TestDisk ko PhotoRec. Abin da aka ceto kuwa ba a zuba shi a kan faifan da ake ceto daga gare shi, domin zai danne sauran da ba a kai ga fitarwa ba. Ni ba na ma barin Windows ya yi abin da yake kira dubawa da gyarawa a kan faifan da nake zargi, sai na kwashe kayan tukuna.

Ban da ceto, kebul ɗin na da wani amfani da nake yawan yi: mayar da tsohuwar laftof kan SSD. Ana haɗa sabon ta waje, a kwafe tsohon gaba ɗaya a kansa da manhaja irin Clonezilla, sannan a musanya su, kuma kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi sai ta koma tashi cikin daƙiƙu. Tsohon faifan da aka cire zai iya zama wurin ajiya, amma a saya masa gida mai rufi. Kebul tsirara kayan aiki ne na ɗan lokaci a kan teburi, ba abin jefawa a jaka tare da makullai ba ne, kuma bakin SATA na ciki ba a yi shi don yawan sakawa da cirewa ba. Idan an gama, a umarci kwamfuta ta saki faifan, a jira juyawarsa ta tsaya cak, sannan a zare.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne na amana. Kalmar sirrin da mutum ke sakawa idan zai shiga Windows ba ta kare faifan da aka ciro. Idan babu BitLocker, duk mai wannan kebul zai ga hotuna da takardun banki da wasiƙu kamar yadda ake buɗe akwati. Mai gyara da aka kawo wa kwamfuta an ba shi amanar sirrin gida ne, kuma ni ƙa'idata ita ce mai kaya ya zauna kusa da ni, shi zai nuna foldar da za a kwafa, in kuma goge abin da ya biyo ta kwamfutar shago a gabansa. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka, leƙen abin da ba a ba ka izini ba cin amana ne. Wannan ya shafi mai sayarwa ma. Na sha haɗa faifan laftof ta gwanjo da aka shigo da ita daga Turai in tarar da takardun wanda ya yi amfani da ita a can suna nan daram, ko an goge su sama-sama yadda PhotoRec zai dawo da su cikin sa'a guda. Fomat na gaggawa teburin kawai yake sharewa, ya bar ainihin bayanan a kan faranti. Wanda zai sayar da kwamfutarsa ko ya bayar da ita kyauta, ya haɗa faifan da kebul, ya cire alamar gaggawa a akwatin fomat, domin tun daga Windows Vista cikakken fomat yana bin faifan gurbi-gurbi yana rubuta sifili a kai. A faifai mai gigabait 500 aikin kan ci fiye da sa'a ɗaya a USB 3.0, a tsohuwar ƙofa kuwa ya kai sa'a huɗu, don haka a fara shi a lokacin da aka tabbatar wutar za ta zauna.